Jan Fenti a Jikin Injin Walda

Tashar Mota, Potiskum
11 ga Yuli, 1996

Zuwa ga maigidana, Baba Muhammadu Lawan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya kuma idanun? Ya mutanen Gadaka? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Baba, a kan gwiwata nake rubutun nan, mota ta ƙi cika, ni kuma zama ya gagare ni. Na yi ɓarna. Jiya aka kawo mini tirelar shanu in ɗinke ƙarafan sama, inda 'yan rakiya ke zama. Ka tuna fentin da ka ɗiga mini a jikin inji ranar da ka bar mini shago, fari na ƙarfe marar kauri, ja na mai kauri? Na murɗa hannun ƙara wuta zuwa ja, na kama aiki. Ashe wutar lantarki ta yi rauni, ƙwan fitilar shago ma ja yake kamar garwashi. Tsinken walda yana ta liƙewa, kukansa na shaƙewa, kunnena ya ji sarai. Amma na ce ai ga alamar Baba, ni wane ne da zan ƙara wuta? Na shafe da baƙin fenti, ya yi kyau a ido.

Yau da safe bencin da na ɗinka da wannan wutar ya ɓalle da mai shayi. Da na duba, waldar ba ta ci ƙarfen ba, a sama kawai ta kwanta. Tirelar kuwa ta bar kara, kasuwar shanu, tun hantsi, ta nufi Kudu.

Rahama, na san tunda kina gidan mahaifinki wankan jego, ke ce mai karanta wa Baba. Ki gafarce ni, mijinki Bobbo yana cikin 'yan rakiyar tirelar nan. Na biya kuɗin kujeru biyun da suka rage, yanzu za mu bi su. Ku sa mu a addu'a.

Naka,
Almustapha

Potiskum
14 ga Yuli, 1996

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, da ta Rahama da jariri. Rahama, fara sauke numfashi, Bobbo lafiyarsa ƙalau.

A Darazo na cim musu, sun tsaya salla. Bobbo yana ta yi mini tsiya, wai ko kewarsa ce ta taso ni. Na hau na ɗora guduma sau ɗaya a kan ƙarfen da yake zama a kai. Baba, sai ga ƙarfen ya ɓalle ya faɗa tsakiyar ƙahonin shanu. Dariya ta ɗauke.

Wani mai walda a bakin hanya ya ara mini injinsa, ba fari ba ja a jikinsa. Na rasa inda zan sa ido. Sai na tuna tun da idanunka suka fara gajiya ba ka duba komai, kanka kake karkatarwa kana sauraren tsinken. Na dinga ƙara wuta kaɗan-kaɗan har tsinken ya yi kukan suyar ƙosai, sannan na ɗinke. Bobbo da kansa ya yi ta dukan ƙarfen da guduma, ko gezau.

Har yanzu ƙarar faɗuwar ƙarfen nan ba ta bar kunnena ba. Kada ranka ya ɓaci, Baba, da na dawo shago na sa wuƙa na kankare fentinka duka biyu. Ina kankarewa ina hawaye.

Yaronka har kullum,
Almustapha