Wata Ukun da Ka Ce, Laminu

Zuwa ga ƙanena Laminu, a Lome ko duk inda kake,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ga maganarka na dawo maka da ita kamar yadda ka faɗe ta a ƙofar gida, jaka a kafaɗa: "Yaya Hadiza, wata uku kacal. Ki riƙe mini Janar, kafin damina ta faɗi na dawo." Damina biyu ta faɗi ta ɗauke. Tunda ba ka ɗaukar waya amma kana leƙa shafina, to karanta a nan, a gaban jama'a.

Bari in tuna maka, ko shi ma ka manta: Janar shi ne koren ƙadangaren nan mai hawa itace, iguwana, da ka sayo a bakin teku ka dire mini a tsakar gida.

Ko kalma ba ka bar mini ba a kan abincinsa. Na ga ƙadangare, sai na nemo masa fara. Wata guda ina ɗura masa, har ya daina hawa reshe, ƙafafunsa suna rawa. Likitan dabbobi ya zagaya shi sau biyu, ya ce shi fa awaki ya karanta. Ni da na shekara ashirin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, sai ga ni na koma ɗaliba saboda dabbarka. Ashe ganye yake ci, kamar tunkiya.

Yanzu na fi ka saninsa. Sau biyu a sati nakan hau kabu-kabu zuwa Jiratawa in samo zogale da ganyen wake da kabewa. Salati ruwa ne kawai, ba ya riƙe shi. Safe da yamma ina fesa masa ruwa, don iskarmu ta yi masa bushewa. Na sa an kewaye itacen bedin tsakar gida da raga, yana shan hantsi a kan reshe, don in babu rana ƙashinsa laushi yake yi. Ya fi hannuna tsawo. Ya yi saɓa ya fi a ƙirga, ya kuma zane ni da wutsiya sau uku.

Ka san abin da ya jawo mini a unguwa? Mai tsiren bakin titi ya taya shi, wai damo ne. Wata baiwar Allah kuwa ta zo da jan zakara, ta durƙusa gaban raga tana neman haihuwa, don an ce mata ina ajiye da iska. Na ce mata, ƴar'uwa, tashi, wannan ko ganyen da zai ci sai an yanka masa. Har yau akwai matan da ba sa cin tuwona.

Duk wannan na shanye. Abin da ba zan ƙara shanyewa ba shi ne Juma'a.

Kowace Juma'a ina zuwa Tsibiri wurin Inna. Idonta ya yi rauni, Laminu, da murya take gane mu. Kafin in zauna takan ce, "Auta ya kira?" In ce ya kira, yana gaishe ki. Sai ta lallaba ta tsinko zogalen bayan ɗakinta ta ƙulle mini a leda, ta ce, "Kai wa dabbar Auta. Wanda ya bar mai rai a baya, zai dawo." Da ƙadangarenka take auna dawowarka. Shi ya sa ban bari Janar ya mutu ba.

Ni na goye ka a wannan gidan. Ban tambaye ka riba ba, ban tambaye ka tsaraba ba. In kasuwa ce ta karye, zo da rigar jikinka, akwai tuwo.

Na ba ka zuwa Sallar Layya. In aka sauko daga idi ba ka durƙusa gaban Inna ba, washegari zan gaya mata gaskiya: ba ka taɓa kira ba, ni ce nake ƙirƙiro gaisuwar. Daga nan in fitar da kayanka zaure, in sa a cire kwano biyu daga rufin ɗakinka a sa raga, rana ta shiga. Janar zai tare a ciki. Shi dai kullum aka neme shi, yana nan.

Allah ya tsare ka, ya karkato da zuciyarka gida tun Inna tana gane muryarka.

Yayarka,
Hadiza, Maraɗi