Manhajata ce, amma Rhissa ake yabo

Hajiya Dela, don Allah ki ba ni shawara, abu na cin raina.

Ni mai gyaran salula ne a Dakoro. A aji uku na bar koleji, ba wanda ya koya mini ordinatar, wato kwamfuta, ni na koya wa kaina. Na gina manhaja mai nuna wa makiyaya rijiyoyin da ke da ruwa daga nan har Bader Gula. Na buɗe ta kyauta, mai so ya duba gininta, ya kawo gyara. Amma karɓa ko ƙi, ni ke yankewa. Kuma ni ɗan dillali ne. A kara, kasuwar dabbobi, in za a ƙi tayin mutum, gefe ake jan shi, ba a kunyata shi cikin jama'a. Haka nake yi.

Sai ga Rhissa, wani ɗan jami'a, ya kawo gyara, wai manhajar ta riƙa magana da Tamashek, harshen Buzaye, don waɗanda ba su karatu. Na kira shi shi kaɗai, na ce a dakata. Washegari ya kai zancen zaurenmu na intanet, wai kowa ya ji dalili. Yanzu bakin kowa Rhissa. Har abokina Kimba, mai shan shayina kullum, injiniya yake ce masa! Ni duk wahalar nan, wa ya taɓa ce mini haka? 'Yan zauren sun ce ko a riƙa yanke shawara a fili, ko su kwafi aikin su yi nasu, kuma ba ni da ikon hanawa. In sun tafi, ni kaɗai zan rage.

Mai Gyara, Dakoro

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Aikinka babba ne, kuma jan mutum gefe mutunci ne. Sai dai ciniki na mutum biyu ne, wannan aikin kuwa hannu da yawa ke cikinsa, kowa na da hakkin jin dalili.

Na lura ni ma ba ka gaya mini dalilin ba. In murya za ta yi wa manhajar nauyi inda rezon salula ba ƙarfi, faɗa a zaure, a nemi mafita. In kuwa don daga Rhissa ta fito ne, karɓi gyaran. Shi ma ya yi gaggawa, da ya sake tuntuɓarka kafin ya kai zaure.

Riƙe magana ta ƙarshe, amma a tattauna a fili kafin ka yanke. Kuma ka riga kowa yi wa yaron godiya a zauren, tun kafin su kwafa. Allah ya sanyaya zuciya, ya yi wa aikin albarka.