Kocin da ya ɗauki akwatin mijina

Goggo Mal-sun, ki taimaka mini, kaina ya kulle. Ni da nake raba shawara kyauta a kasuwa, har ga waɗanda ba su tambaya ba, yau ga ni ina rubuto wa jarida.

Busasshen kifi nake sayarwa a Tongyeong, garinmu na bakin teku, ƙananan nan na miya, da ganyen teku. Na gama sakandare, kuma in dai ciniki ne ban taɓa jin tsoron fuskar kowa ba. Ɗana ɗaya ne, Tae-gon, yana shekara ta uku a jami'a a Seoul, ƙwallon kwando ce ta kai shi. Tsayin ubansa ya ɗauko, bakina ne bai ɗauka ba. Sai kin gaji da tambaya kafin ya ce miki "eh".

Bara ƙungiyoyin ƙwararru suka fara yi masa zarya, wai ya sa sunansa a zaɓen sababbin 'yan wasa da suke yi duk lokacin kaka, ba sai ya gama karatu ba. Babansa ya ce a'a, yaro ya gama tukuna, ƙwallo ba za ta gudu ba. Ba mu san ciwo ya riga ya ci hantar mutumin ba. Ya rasu farkon bazarar nan. Mutumin da ya ishi masunta da cika baki, wai wata rana za su ga ɗansa a talabijin cikin rigar ƙwararru, shi ne bai gani ba. Da yaron ya tafi bara, da ko wasa ɗaya ya kalla daga gadon asibiti. In na tuna wannan sai in manta kilo nawa na auna wa mutum.

Ga inda matsalar take. Ranar makoki, kocinsu, Malam Pyo, ya zo daga Seoul da mota cike da 'yan wasansa. Ba irin zuwan nan ba na a sunkuya, a sha miya, a kama hanya. Duk kwana ukun da ake zaman makokin yana wurin, mutum da furfurarsa, yana jera takalman baƙi a ƙofa. Ranar fita da gawa, shi da yaransa suka sa farar safar hannu suka ɗauki akwatin. Mijina ba shi da 'yan'uwa maza. Da ba su zo ba, sai dai mu yi hayar masu ɗauka, kuma kin san yadda gari zai yi da mu.

To bana ƙungiyoyin sun dawo, kuma yaro ba ya shiga zaɓe sai koci ya sa hannu. Malam Pyo kuwa a kan Tae-gon ya gina duk shirinsa na baɗi. Na tambayi yaron abin da yake so, sai ya ce, "Mama, da wane bakin zan ce masa zan tafi?" Bai ce ba ya so ba, Goggo. Na san ɗana. Yana sane aikin soja na dole na jiransa, yana sane baɗi manyan dogaye za su shiga zaɓen tare da shi.

A kasuwa kowa ya zama alƙali. Maman Bo-ra mai sayar da ƙaguwa ta ce, "Maman Tae-gon, ke da kike hana mu ajiye kaya su kwana, naki kuma kin kulle a sito sai ya yi wari?" Tsohuwar da ke sayar da kabeji kuma ta ce, "Mutum ya ɗaukar miki miji, ke kuma ki ɗauke masa ɗan wasa? Kai, 'yar nan." Duk biyun na ba su amsa, amma ba wadda ta kwantar mini da hankali.

Na haɗa kwali na kifi mafi kyau in aika wa kocin, in tausasa shi kafin magana. Na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa. An kusa rufe karɓar suna. Yaron ya tafi ko ya zauna?

Uwar dogo, Tongyeong

*

'Yar'uwa, ina yi miki ta'aziyya. Da farko ki bar bara ta tafi. Mijinki ya yanke hukunci da abin da ya sani a lokacin, kuma ba mugun hukunci ba ne. Kada ki tura yaro bana don rama abin da ya wuce. Wanda aka so ya gani ba ya nan.

Zama yana da amfaninsa. Ƙwallo sana'ar matasa ce, gwiwa ɗaya ke rufe ta, kuma takardar jami'a ce ke mai da tsohon ɗan wasa malami ko koci. Na san waɗanda suka fita da wuri suka ƙare a benci, ba wasa ba takarda. Tafiya ma tana da nata: shekarun ɗan wasa kaɗan ne, soja zai gutsuri rabonsa, kuma mai saye da ya zo sau biyu ba lallai ya zo na uku ba. Wannan kin fi ni sani. Don haka Tae-gon ya je ofishin jami'a a makon nan ya tambaya ko zai iya ƙarasa karatun yana wasa. In an ce eh, rabin gardamar ta mutu.

Maganar koci kuma, na lura da abu ɗaya a wasiƙarki: kowa ya yi magana, har mai kabeji, ban da shi. Ku kuka yanka wa alherinsa farashi, shi bai ce uffan ba. A wurinmu, wanda ya tsaya maka a makoki, ranar makokinsa kake tsaya masa. Ran da tsohuwar kocin ta kwanta dama, ke za ki rufe rumfa ki hau motar Seoul ki jera takalma, Tae-gon ya sa farar safa ko da ƙungiyarsa na da wasa. Ba da shekarar yaro ake rama wannan ba.

Ki kwance kwalin nan. In ya riga ku isa, ya zama toshiya, kuma kin zagi kwana ukun da ya yi. Ku je tare, ba komai a hannu, yaron ya durƙusa ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Ke ki zauna a baya ki yi shiru. Na san wannan ne zai fi yi miki wuya.

Zai iya ɓata rai, zai iya ƙi, kuma ban yi miki alkawarin komai ba. In ya kawo dalilin ƙwallo, ya ce yaro bai nuna ba, ku saurara da kyau, ya fi mu sanin wannan. In makoki ya ambata, to kun ji amsarku. Amma ban yi tsammani ba. Mai neman sakayya ba ya tsugunawa kan takalman baƙi.

Ko wace riga Tae-gon ya ƙare da ita, ranar cikar shekarar rasuwa ku ninke ta ku ɗora kan teburin tunawa da babansa, kusa da shinkafa da kifin da yake so. Ina yi muku fatan alheri, ke da dogon naki.

Goggo Mal-sun