Hular Sanyin da Aka Ɗora Mini a Kan Ɗankwali

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, shugaban gidauniyar da ta ce ta kawo wa matan Katagum na'urar sanyaya kai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan rakiya da masu ɗaukar hoto.

Ban rubuta sunanka ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba. Na lura babu abin da kake so kamar ka ga sunanka a rubuce, ni kuwa ba ni da niyyar yi maka wannan kyauta. Mutanen Azare sun san wanda nake nufi.

Sunana Halima, malamar firamare ce ni a nan Azare, asalina 'yar Disina. Mijina Malam Sabo tela ne a cikin kasuwa, muna da 'ya'ya huɗu. Bara bayan babbar salla likita ya tabbatar mini ina da ciwon daji a nono. Aka yi mini aiki, aka ce sauran ƙarin ruwan magani, wanda ake kira kemo, sau shida, duk bayan mako uku. Aka kuma faɗa mini tun da wuri cewa maganin zai kaɗe mini gashi.

Saboda masu karatu da ba su san abin ba, ga yadda Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu, ta bayyana mini. Hula ce da ake haɗawa da na'ura, tana sanyaya fatar kai kafin a sa ruwan, da lokacin da yake shiga, da bayan ya ƙare. Sanyin yana sa jijiyoyin jini su tsuke, sai maganin da zai kai ga tushen gashi ya ragu. Ba kowa take yi wa aiki ba, kuma ba kowane irin ciwon daji ake sa wa ba. Amma wasu matan suna gama jinya da gashinsu, ko da rabinsa. Wannan ita ce na'urar da ka cika mana kunne da ita a rediyo har mako biyu.

Ga abin da ya faru tsakanina da ita.

Na ɗaya. Ranar wata Alhamis sakatariyarka ta kira mu, mu huɗu da ke shirin fara kemo, ta ce mu ne za mu fara cin gajiyar na'urar. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kawo mai gabatarwa da ya iya kirari. An ce mu zo ƙarfe tara, kai kuma ba ka iso ba sai bayan azahar. Ni da ɗinkin aiki bai gama warkewa a ƙirjina ba, haka na zauna a kujerar roba ina jiran mai taimako. Da ka iso aka zaunar da ni a gaba, wani yaronka ya ɗauko hular ya kifa mini a kan ɗankwali. Sista Rifkatu ta ce ba haka ake yi ba, sai an tsefe kai, an jiƙa gashi, hular ta kama fata sosai. Ya ce mata, "Sista, hoto kawai za a ɗauka." Na duba ƙasa na ga wayar na'urar a naɗe ƙarƙashin kujera, ko soket ba ta gani ba. Ka tsaya a bayana kana murmushi, hannunka ɗaya a kan na'ura kamar wanda ya sayi sabuwar mota.

Kafin a ɗauki hoton na roƙe ka abu ɗaya. Na ce kada a nuna fuskata, domin akwai waɗanda ban faɗa wa ciwona ba. Ka ce, "Haba Malama, ko kusa. Mu ma muna da 'yan'uwa mata." A gaban mutane ka faɗa, kuma na yarda, domin a lokacin na ɗauka furfurar gemu tana da nauyi a bakin mai ita.

Na biyu. Ranar Litinin da ta biyo baya ita ce ranar ruwana na farko. Tun Lahadi na tsefe kaina, na wanke, na taje, kamar yadda aka koya mini. Na je ɗakin jinya da ƙaramin tawul da suwaita, don an ce sanyin yana ratsa jiki. Na tarar da kusurwar da aka nuna mana fayau. Sista Rifkatu ta kasa haɗa ido da ni. Ashe tun yammacin Alhamis, da aka kwashe kujeru, aka haɗa da na'urar aka loda a mota. Ta kira ofishinka sau uku, aka ce za a dawo da ita idan an horar da ma'aikata. Likita ya ce ba zai ɗaga magani saboda gashi ba, kuma gaskiyarsa. Ba ni da ƙorafi a kan likita ko ma'aikatan jinya. Su ma yadda ka yi wasa da hankalinmu haka ka yi da nasu.

Malam Sabo ya ga yadda fuskata ta koma. Sai ya fita ya hau acaɓa, ya dawo da ƙanƙara a leda daga wurin masu sayar da ruwan sanyi. Yana so a ɗaure mini a ka. Sista ta hana, ta ce ba ta kama kai daidai, tana narkewa, tana iya ƙona fata. Sai ya tsaya a bakin ƙofa da ledar a hannu, ruwa yana ɗiga a kan takalminsa, har ta narke. Wannan mutum ba shi da gidauniya, Alhaji. Keken ɗinki ɗaya gare shi.

Kwana goma sha shida bayan nan na sa mataji a kaina da safe, ya fito da gashi cike. Na sake sawa, ya sake cikowa. Cikin kwana uku matashin kaina ya zama kamar wurin aski, ƙaramar 'yata tana tsintar gashi a tabarma tana kawo mini, tana tsammani ajiya ce ta faɗi. Na ba Malam Sabo almakashinsa na ce ya ƙarasa abin da ya rage. Mutumin da ya shekara ashirin yana yanka yadi, ranar sai da ya ajiye almakashin sau biyu.

Na uku, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na'urar da aka ce tana jiran horo ashe yawo take yi. An ƙaddamar da ita a Gamawa. An sake ƙaddamar da ita a Disina. Na'ura ɗaya, bikin suna uku. Ina so ka gaya wa jama'a, wa ake yi wa ƙarin ruwan kemo a filin makarantar da kuka kafa rumfa a Disina? Kan wa za ta sanyaya a can? Kuma duk inda ta je, akwai fosta da ke rigan ta isa, an manna a bango da jikin keke napep. Fuskata ce a jiki, da hula a kan ɗankwali, kai kana bayana kana murmushi. A ƙasa an rubuta sunana, da sunan ciwona, da cewa na tsira da gashina albarkacin Alhaji. Ranar da aka manna ta, babu silin gashi ɗaya a kaina, har gira.

Mahaifiyata tana Disina. Inna ta haura saba'in, tana da hawan jini, shi ya sa muka haɗa baki da 'yan'uwana muka ce mata ƙari ne aka cire mini, an gama. Ba ta karatun boko, amma ta san fuskar 'yarta. Ta ga fostar a bangon shagon da take sayen gishiri, ta tsayar da wata maƙwabciya ta ce ta karanta mata. Washegari ta shigo motar farko. Ta shigo gidana ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zo har inda nake kwance ta zame ɗankwalina. Ta daɗe tana kallo. Wannan kai ita ta yi masa kitso tun ina rarrafe har ranar da aka kai ni ɗakin miji. Sai ta ce da Fillanci, harshen da take komawa idan abu ya fi ƙarfinta, "Ni da na haife ki, a jikin bango zan ji?" A ranar jininta ya hau, ta yi kwana huɗu a gadon asibiti, ni da ake jinya na koma mai jinya.

Asirin da na rufe don in tsare uwata, kai ka tone shi don ka cika fosta. Ko dillalin kasuwar shanu yana neman izinin mai saniya kafin ya yi tallarta.

Na huɗu. Na je ofishinka sau uku. Sau biyu aka ce kana Abuja, alhali motarka tana ƙarƙashin bishiya direba yana goge ta. A na uku na ƙi tashi har ka fito. Ina zaune ina kallon na'urar a kusurwa, an lulluɓe ta da leda, an ɗora mata fulas ɗin shayi da damin kalanda masu hotonka. Aƙalla ta sami aiki. Da na gama bayani ka gyara zaman hula, ka ce, "To Malama, ke da kike sa hijabi, wa ke ganin gashin? A gode wa Allah da ya bar rai."

A lokacin ban ba ka amsa ba, bakina ya yi ɗaci da magani. Ga amsar yanzu. Godiyar Allah ba a wurinka zan koya ba, na yi ta a kan gadon aiki, ina kuma yin ta duk safiya. Maganar hijabi kuwa, idan ka koma gida ka tambayi uwargidanka Hajiya abin da ke sa ta zauna awa uku a gaban mai kitso, alhali ita ma da hijabi take fita. In kuwa da gaske gashin mai hijabi ba komai ba ne, me ya sa ka sayi na'urar? Me ya sa ka ce a rediyo kana share wa mata hawaye? Da bakinka ka ce abin yana da muhimmanci ranar da akwai kyamara, da bakinka ka ce ba shi da shi ranar da babu.

Ban ce da an sa mini hular lalle gashina zai tsaya ba. Mai yiwuwa ya zube duk da haka, in ce ƙaddara. Amma ba a gwada ba. Kuma ba ka san abin da wannan tsoro yake yi wa mata ba. Cikin mu huɗu da ka zaunar a rumfa akwai Laraba, daga wani ƙauye kusa da Gamawa. Ta daɗe tana gudun kemo saboda gashi da surutun mutane, alkawarinka ne ya sa ta yarda. Da ta zo ta ga babu na'ura, ta kuma gan ni bayan mako uku, ba ta sake dawowa ba. An ce ta koma shan saiwoyi. Ita ba ta cikin fostarka.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma ba na neman ko sisinka.

Ka sa a cire hotona daga kowane bango da kowane keke, daga Azare har Disina da Gamawa. Waɗanda suka manna sun san inda suka manna.

Ka koma gidan rediyon da ka yi shela, a irin lokacin da ka yi ta, ka ce ba a taɓa kunna na'urar a kan kowa ba. Ba sai ka ambaci sunana ba, ka ambace shi ya isa haka.

Ka sauke fulas da kalanda, ka kai na'urar ɗakin da ake ƙarin ruwa, ka miƙa ta ga likitoci a rubuce, ka kawo wanda zai koya wa ma'aikata. Kada a kafa rumfa. In ba za ka iya bayarwa ba sai da mai kirari, ka aiko direba.

Ni na gama nawa, sau shida cif, gashi ya fara tsirowa kamar na jariri. Ba don kaina nake wannan roƙo na ƙarshe ba. Ranar Litinin ta sama akwai wata mai shekara ashirin da tara da za ta fara nata ruwan. Na gan ta a layin ganin likita, tana ba goyonta nono na ƙarshe kafin a hana ta. Ta ji labarin hular a rediyo, ta tambaye ni ko sanyin yana da zafi sosai, don ta san irin rigar da za ta zo da ita. Na ce ta zo da mai kauri.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare matanka da 'ya'yanka daga wannan ciwo. Idan kuma ya jarrabi wani naka, Allah ya haɗa shi da mutanen da ke cika alkawari. Kujerar da ake raɗe-raɗin kana nema, Allah ya ba wanda ya fi zama alheri ga jama'a. Allah ya sa ka ji kunya tun a nan, domin ta can ta fi tsanani.

Wassalam.

Malama Halima,
Azare.