Hasken da Tamar Ke Jiran Ƙararsa

Zuwa ga ƙanwata Serah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara miki ƙarfin aiki. Mu nan Kafanchan lafiya lau, Mama ma ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma zumuntar mata.

Maganar 'yarki Tamar ce ta sa na ɗauki biro. Kin san tun harin da ya ci ran babanta Silvanus a ƙauye shekara biyu da suka wuce, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta shige ƙarƙashin gado. Ga Kirsimeti ta matso, yara sun fara fasa nokawut, abin wasan wutar nan mai ƙara kamar bindiga. Ni kuwa malamar firamare ce, na ce abin da ka san kansa ba ya firgita ka. Na tara yaran gida da yamma, na koya musu cewa haske ya fi ƙara sauri: in ka ga walƙiya ka ƙirga har ka ji ƙararta, kowace daƙiƙa uku nisan kilomita ɗaya ke nan. Mijina Kumai, mai son wasa kamar ba dattijo ba, ya tsallaka bayan layin dogo yana harba nokawut masu tashi sama, mu muna ƙirgawa. A na huɗu Tamar ta fito ta ƙirga tare da mu, har ta yi dariya. Na ji daɗi ƙwarai.

Kumai ya dawo da kwalin nokawut ɗin babu komai ciki. Muna tsaye sai wani jan haske ya tashi bayan dutse, daidai wajen tsohon ƙauyenku, inda yanzu ko akuya babu. Yara suka fara ƙirga, har hamsin, shiru. Sai Tamar ta ce mana, hankali kwance, wai mu daina jira, ƙarar wannan ta riga ta ji ta ranar da suka gudu, hasken ne ya makara. Na tambayi makwabta, ba wanda ya kunna komai.

Tun ranar kullum da yamma tana zama bakin ƙofa tana kallon dutsen. Jiya ta ce an yi harbi biyu a daren harin, saura haske ɗaya, in ya zo za ta je ta duba babanta. Serah, ina jin tsoro, kuma iliminmu na aji bai kai nan ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma uwa daban take. Ki nemi hutu ki zo kafin hasken ya zo.

Mama da Kumai suna gaishe ki. Ki gaida ƙawarki Emilia da yaranta.

Yayarki,
Lai'atu