Mangwaron Ƙofar Gidan Alhaji Shafi'i

Daga Babban Fada Kiyaran, shugaban limaman cocin ƙasar Ailan mazauna Ikeja, zuwa ga Alhaji Shafi'i mai gidan haya a Agege.

Gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya. Bayan haka, na ji za ka sare mangwaron ƙofar gidanka don motar ɗanka ta sami wurin kwana. Ni baƙo ne, amma ga abin da kakata ta gaya mini. A ƙasarmu, shekara ɗari da hamsin da suka wuce, ba mai taɓa itacen da ya tsaya shi kaɗai a fili. Cewa suke yi gidan mutanen ɓoye ne. Manomi ma kewaye shi yake yi da garma. Wanda ya yi taurin kai ya sare, nonon saniyarsa ya ƙafe. Marar lafiya yakan ɗaura tsumma a reshe, wasu su ajiye madara don masu gidan. Na hangi mangwaronka daga cikin danfo, motar hayar nan ta Legas, irinsa ne sak. Ka ba mai gadinmu Mahbub amsa. Ka huta lafiya.

*

Daga Alhaji Shafi'i zuwa ga Fada Kiyaran.

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarka ta iso, an karanta mini ita a ƙofar gida, matan gidan haya suna ji. Da farko niyyata in rage rassa biyu kawai, saboda Inno, tsohuwar da ta shekara ashirin tana sayar da koko a inuwarsa. To yau da safe na tarar da tsummoki bakwai a jikinsa, da gwangwanin madara a gindi. Wata har ta ce ciwon kanta ya tafi. Ba za a yi shirka a ƙofar gidana ba. Mai injin yanka itace zai zo ran Asabar, daga tushe zai ɗauke shi. Na gode da ka farkar da ni. Wassalam.

*

Baba Alhaji, ina gaisuwa, a durƙushe.

Tsummokin na kwance su. Madarar na shanye, ga ni garau. Fada yana nan da gaske, tsoho ne tukuf, yakan ba ni labarin kakarsa idan ya fito shan iska. Amma bai san da mangwaronka ba, bai kuma taɓa shiga danfo ba. Ba kowa a gindin itacen nan sai Inno da tukunyarta, ita kuwa ba ta iya zafin ranar Legas yanzu. Na ga tawa maganar ba ta wuce ƙofar zaure, shi ya sa na ari bakin Bature.

Ran Asabar a tsaya a rassa biyun, Baba. In da sauran fushi, ga bayana.

Allah ya huci zuciyarka. Ni na rubuta takarda ta farko, ni na rubuta wannan.

Mahbub, jikan Inno.