Lungun Masaƙa

Ƙofar Jatau, Zariya

Yaya Hassana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafa, ya ɗanki Aminu da yara? Kada ki yi mini tsiyar takarda. Shekara talatin ina raba wasiƙu, ban iya zuba zuciyata a waya ba.

Na sami abin yi. Wata malamar jami'a daga Kongo ta nan Zariya, Munira, ta haɗa mutanen unguwa muna zana taswirar birni a intanet, saboda motar asibiti ta daina ɓata a lunguna. Ni ne ƙafarsu. Ina bin lungu da waya a hannu, tana shata inda na taka. Tun rasuwar matata Batulu ban yi yawo haka ba, ya fi mini zama da bango.

Ga damuwata. Na sa wa lungunmu sunansa, Lungun Masaƙa, wani ya goge ya rubuta Layin Mai Caji. Malama ta ce sunan da mutane ke kira ake sawa, sai in na kawo shaida ɗaya. Na bi gida goma sha ɗaya, Yaya. Duk baƙi ne da jikoki. Wani har kwatance ya yi mini, a ƙofar da Baba ya kafa masaƙarsa!

Ke kaɗai kika rage mini. Ki sa Aminu ya ɗauki muryarki kina faɗin sunan, kafin Juma'a.

Ƙaninki,
Zailani

Ƙofar Jatau, Zariya

Yaya Hassana,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara sauƙi. Aminu ya kira ni. Ya ce ya karanta miki takardata, kika yi murmushi, kika tambaye shi a wane gari lungun yake. Na ji haushinsa da bai gaya mini halin da kike ciki ba tun tuni. Daga baya na shiga ɗaki na yi kuka, ban ɓoye miki ba.

Layin Mai Caji ya zauna. Amma Malama ta nuna mini wani ɗan gurbi na tsohon suna a taswirar, wanda ba ya fitowa sai an taɓa layin da yatsa. Nan na rubuta namu da hannuna.

Ki sa Aminu ya taɓa, ya karanta miki da ƙarfi, ko ba ki gane ba. Ni ma kullum na dawo daga masallaci sai na tsaya a bakin lungun na faɗi sunan, don kada ya kwana ba wanda ya kira shi.

Allah ya sada mu.

Ƙaninki,
Zailani